Baƙin da Na Kankare

'Yar'uwarku Asma'u ce ta yi tambayar, tana da shekara goma sha biyu, muna cikin mota za mu Wheaton sayen garin tuwo. Da Turanci ta yi ta kamar yadda kuka saba, ni kuma na amsa da Hausa kamar yadda na saba. Ta ce me ya hana ni zuwa in ga kakarku kafin ta rasu. Na ce mata hanya ce ba ta buɗe ba. Da wannan amsar kuka girma ku uku, har na ji Sadiƙu yana maimaita wa matarsa ita da bakinsa. To yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, ina so in gyara maganar tun ina da bakin gyarawa. Hanya a buɗe take. Ni na rufe ta da hannuna, kuma da buroshin waya na fara rufe ta.

A shekarar 1985 ne. Na gama karatun kanikanci a wata kwaleji a Maryland, an ba ni izinin aiki na shekara ɗaya, bayan nan sai in tattara in koma. Ina zaune a Silver Spring, ɗaki ɗaya da Bitrus, mutumin Filato, ma'aikacin jinya, wanda bai taɓa dafa abin da babu barkono a ciki ba, har shayi ina zarginsa. Aikin da na samu yana can bayan Upper Marlboro, a wani tsohon rumbun taba da aka mayar gareji. Mai garejin sunansa Mista Walta, dogon Bature mai ƙarancin magana, wanda ya kasa faɗin Haruna ya mayar da ni Hari. Garejinsa ba irin wanda kuka sani ba ne. Tsofaffin motoci kaɗai ake kawowa, waɗanda suka girme ni, a mayar da su yadda suke ranar da suka fito daga masana'anta. A Zariya motar da ta kai shekara talatin cire mata kujeru ake yi a ɗora mata buhunan masara har ta mutu a hanya. A nan kuwa bargo ake lulluɓa mata. Na yi dariyar abin a watan farko, daga baya na shiga son aikin fiye da yadda nake nunawa.

Walta ya ga hannuna yana da kyau. Wata rana muna cin abincin rana a bakin ƙofar rumbu ya ce zai sa hannu a takardar da za ta sa in samu katin zama. Lauya ya yi mini bayanin sauran: idan takarda ta bi hanyarta, a Legas zan karɓi biza, in wuce Zariya in yi wata guda, in dawo kan aikina ba mai tare ni a filin jirgi. Ku riƙe wannan, domin a kansa komai ya rataya. Inna, kakarku, ba ta da lafiya tun damina. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Yayata Hajara ce ke jinyarta, ita ce kuma ke aiko mini da kaset duk wanda ya samu mai tahowa, tunda Inna ba ta rubutu. Shekara huɗu ban sa ta a ido ba. A kaset ɗin da ya zo a watan tara, bayan gaisuwa da lissafin waɗanda suka haihu a unguwa, sai ta ce:

"Haruna, ba na ce ka baro aikinka ba. Amma in da hali, ka zo in ga ko ka yi ƙiba."

Ta yi dariya, tari ya katse dariyar, Yaya Hajara ta kashe rikodar.

Dole in gaya muku wace ce Inna a wajen tsabta, in ba haka ba ba za ku gane wautar ubanku ba. A gidanmu idan aka aro tukunya daga maƙwabta, ba a mayar da ita yadda ta zo. Inna za ta zaunar da ni a bakin rariya da toka da yashi da soso, in dirje har in ga fuskata a gindin tukunyar. In na ce ai da baƙinta aka kawo ta, sai ta ce:

"Wannan baƙin nasu ne, kunyar mayar da shi tamu ce. Abin da aka ba ka amana, ka mayar da shi ya fi yadda ka karɓa."

Ubana kuma maƙeri ne, ya rasu ina sakandare, amma na hura masa zugazugi har na san halin ƙarfe. Da waɗannan biyu na zo Amurka, tarbiyyar Inna da ɗan abin da na tsinta a maƙera, kuma ina alfahari da su.

Motar da ta jawo abin koriya ce, ƙirar Ingila, mai kujera biyu, ta farkon shekarun hamsin. Mai ita wani tsohon malamin makaranta ne, Mista Holis, mai sanda da rawar hannu. Ta yayansa ce, shi ya saye ta sabuwa, ya rasu ya bar ta a rumfa shekara da shekaru. Mun yi wata biyar a kanta. Ranar da aka kawo ta Walta ya dafa bonet ya dube ni ya ce:

"Hari, wannan komai nata orijinal nake so. Komai."

Na ce na ji. Kuma wallahi na ɗauka na ji. Wannan kalma na san ta tun ina yawo a kasuwar Sabon Gari. A wurinmu orijinal shi ne mai kyau, mai ƙarko, wanda ba jabu ba, sabo fil a kwalinsa yana ƙyalli. In mai shago ya ce maka orijinal ne, yana nufin duba yadda yake walƙiya. Ban san cewa a bakin Walta kalmar tana nufin abin da hannun kowa bai taɓa ba tun daga masana'anta, ko da ya dusashe, ko da ya yi muni. Turanci na ci jarrabawarsa, amma wannan kalma ɗaya da Hausa na ji ta.

Wata Juma'a a watan goma Walta ya tafi Pennsylvania kasuwar tsofaffin kayan mota, ya bar mini makulli. Na gama ɗaura fitilu da wuri. Ina share but, wurin ajiye kaya a bayan motar, sai na ga wata jakar zane mai kauri a naɗe a gefen safayar taya, an ɗaure ta da igiyar fata. Na kwance. Kayan aikin motar ne da ta zo da su daga masana'anta: sifana huɗu, filaya, sukuddireba mai ƙotar itace, ƙarafan cire taya biyu, famfon giris, ga kuma jak a gefe. Sifanun baƙaƙe ne, baƙi marar haske kamar gindin tukunya. Filayar toka-toka. Ƙarafan taya fari-fari amma a dushe. Jak ɗin da wani fenti ja da ya koɗe. Babbar sifanar kuma, kusa da wuyanta, baƙin ya goge a wuri ɗaya daidai faɗin babban yatsa. Na dubi motar tana ɗaukar ido, na dubi waɗannan, sai kunya ta kama ni a madadin garejin. Na ce ashe za mu mayar wa tsoho da motarsa kamar amarya, kayan aikinta kamar an tono su daga juji? Ba a gidan da Inna ta yi tarbiyya ba.

Na kunna injin buroshin waya mai kankare ƙarfe. Awa uku na yi a tsaye. Baƙin yana da taurin kai, bai fita da sauƙi ba, har na yi mamakin irin wannan datti. Na bi da sanfefa mai laushi, na bi da man gogewa. Filaya ta yi fari, ƙarafan taya suka yi fari, sifanu suka koma kamar cokulan gidan biki. Ƙotar sukuddireba na kankare ta har sabon itace ya fito. Jak kaɗai ya tsira, shi ma don la'asar ta yi ne. Na jera su a kan benci ina kallo, raina fes. Har na ƙiyasta yadda Walta zai girgiza kai ya ce wannan yaro ba a sa shi ba ma ya yi.

Washegari Asabar da hantsi na koma in ƙarasa jak. Ina shiga waya ta yi ƙara a ofis. Walta ne. Ya tambayi fitilu, na ce an gama. Har zai ajiye sai ya ce:

"Af, Hari, akwai jakar kayan aiki a but. Kada ka taɓa ta, ko ƙura kada ka goge. Ban taɓa ganin cikakkiya irinta da ba a yi wa komai ba. Ranar Laraba mutanen ƙungiyar masu irin motar za su zo su ɗauki hotonta, da ita za su riƙa gwada na sauran."

Bencin yana gabana ta tagar ofis, rana tana dukan sifanun suna mayar mini da haske a ido. Da a nan na buɗe baki, da wannan labarin bai kai haka tsawo ba. Abin da na ce shi ne:

"To, Mista Walta. Babu damuwa."

Na koma gida da rana tsaka, na tarar da Bitrus yana guga kayan asibiti. Na zayyana masa. Ya ajiye dutsen guga ya dube ni.

"Kai, Malam Haruna. Ka kira shi yanzu. Ka ce Oga, na yi mistek. Mutanen nan za su yi ihu, su gama, su manta. Amma ƙarya, ba su yafe shi."

"Idan ya fasa sa hannu fa?"

"Idan ya kama ka fa? Wane fefa na zama za ka gani?"

Na ce masa bai san ƙarfe ba. Na ce ni ɗan maƙeri ne, na ga ubana yana baƙanta fartanya da wuƙa sau ba adadi: a gasa ƙarfe, a tsoma a mai, ya fito baƙi ƙirin. Bitrus ya ɗauki dutsen gugarsa ya ce shi dai a asibiti in ka ba da maganin da ba shi ba, faɗa kake yi kafin mutum ya mutu. Na ji haushinsa, domin na san gaskiya ya faɗa.

Ranar Lahadi na yi aikin. Na gasa sifanun da wutar walda ɗaya bayan ɗaya, na tsoma su a tsohon baƙin mai. Hayaƙi ya cika rumbu. Suka fito baƙaƙe, amma baƙi mai sheƙi, da shuɗi-shuɗi a bakinsu. Filaya da ƙarafan taya ban san yadda zan yi da su ba, sai na shafa musu giris da ƙasa. Ƙotar sukuddireba na murza mata mai da toka. Ni da aka yi wa tarbiyya a kan dirje datti, ga ni durƙushe ina shafa datti da hannuna don in rufe ƙarya. Na naɗe jakar na mayar inda take. Garin neman gira na rasa ido, kuma tun a lokacin jikina ya ba ni.

Laraba suka zo, mutum biyu da kyamara, da Mista Holis da sandarsa. Walta ya shimfiɗa farin zane a benci, ya kwance igiyar da kansa, a hankali kamar mai buɗe wasiyya. Bai kai ga fito da sifana ta biyu ba ya tsaya. Ya kai ta farkon hancinsa. Ya juya ta wajen haske, ya shafa haruffan masana'anta da ke jikinta, waɗanda buroshi ya cinye musu kaifi. Mista Holis ya miƙa hannu ya ɗauki babbar. Ya juya ta, ya sake juyawa, yana neman wani abu kusa da wuyanta. Ya ɗora babban yatsansa a wurin, ya ɗaga, ya sake dubawa.

"A nan yatsan yayana yake," ya ce. "A nan yake riƙewa."

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye sifanar, ya fita ya zauna a motar da ta kawo shi. Na ga fuskarsa lokacin da ya wuce ni, amma ban fahimce ta ba. A raina har na ce, duk wannan a kan ƙarfe?

Da suka tafi Walta ya kira ni benci. Na ɗauka zagi zai yi, sai ya shiga koya mini, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya ce baƙin sifanun ba datti ba ne, a masana'anta ake dafa su a wani ruwan magani ya kama jikin ƙarfen don kada ya yi tsatsa, shi ya sa ba ya sheƙi. Tokar filaya wani magani ne daban. Farin ƙarafan taya wani siririn rufi ne da ake yi musu, a dushe yake fitowa tun ranar farko. Jan jak kuma ba kowane ja ba ne. Kowane ɗaya da irin rigarsa, kuma masu wannan harka suna tafiya jiha zuwa jiha don su ga guda ɗaya da ba a taɓa ba, su san yadda za su gyara nasu. Ya ce za a iya sake musu rufi su yi kama da na da, amma kama ce kawai. Sifanun kuwa wutar da na sa musu ta kashe taurinsu, ko ƙusa ba za su ƙara kwancewa ba. Sannan ya tambaye ni:

"Yaushe ka goge su?"

"Juma'a."

"Na kira ka Asabar."

"E."

"Gogewar laifina ce, Hari, ban yi maka bayani ba. Da ka faɗa mini a waya, da na kira tsohon na ba shi haƙuri da bakina. Amma takardar nan da zan sa wa hannu, rantsuwa ce nake yi wa gwamnati cewa na san ka."

Ya karɓi makullinsa. Ya sallame ni, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba.

Yanzu ga wurin da nake so ku saurara da kyau, domin a nan amsar da na ba Asma'u ta zama ƙarya. Izinin aikina yana da sauran wata uku. A cikin wata ukun nan ba abin da ya hana ni hawa jirgi. Abin da kawai ba zan samu ba shi ne dawowa. Bitrus ya ce in tafi, uwa ɗaya ce. Ni kuwa na zauna ina auna yadda zan sauka a Zariya hannu rabbana, mutanen unguwa su ce ga wanda ya je Amurka aka koro shi, a kan me, a kan goge sifana. Na ce bari in nemi wani garejin da zai sa mini hannu, wata biyu kawai. Masu gyaran tsofaffin motoci a yankin nan ba su da yawa, kuma duk sun san juna. Na zaga su kaf. Wani ma da na faɗi sunana sai ya yi murmushi ya ce, kai ne mai buroshi? Wata biyu ya zama huɗu, izini ya ƙare, na koma wankin kwanuka a bayan wani gidan abinci a Wheaton, inda aƙalla ba wanda zai yi kuka don na goge abu. Na aika wa Inna kaset na ce aiki ya yi yawa, sai bayan salla. Ta aiko da amsa, muryarta ta yi siriri:

"Ba komai, Haruna. Ka riƙe amanar mutane, ya fi mini ganinka."

Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba, kuma ban sake iya sauraren kaset ɗin ba. Inna ta rasu a farkon damina. Wasiƙar Yaya Hajara ta iso ni bayan kwana goma sha tara. Na karanta ta a tsaye a gaban akwatunan wasiƙu, na hau sama na yi alwala, na rasa abin da zan yi da hannuwana. Katin zama na same shi bayan shekaru ta wata hanya, na auri mahaifiyarku, na yi tuƙin tasi har na yi ritaya. Ban ƙara aiki a gareji ba. Amma har yau in muka wuce wurin baje kolin tsofaffin motoci, daga nesa nake gane sifanar da aka sake wa rufi da wadda ba a taɓa ba. Ilimi ne cikakke, ya zo bayan ba shi da amfani.

Wata shida da rasuwar, wani ɗan Kaduna da ya je gida ya kawo mini ƙunshi daga Yaya Hajara. Na roƙe ta abu ɗaya cikin kayan Inna: ƙaramar tukunyar ƙarfe da take dafa mini miyar kuka ni kaɗai in na dawo makaranta a makare. Na san tukunyar nan kamar tafin hannuna. Komai tsabtar Inna, tata ce ba ta aro ba, kuma shekara talatin a kan murhu sun bar mata baƙi a gindi da ba ya fita, da wani wuri a kunnenta da ya yi santsi inda take kamawa da gefen zane. Tun a mota nake ƙanƙame da ƙunshin. Ina so in sa hanci in ji hayaƙin gidanmu.

Na buɗe a kan teburin kicin, Bitrus yana tsaye. Tukunya ta fito fara tas, tana ƙyalli ciki da waje. Na juya ta, na sake juyawa. Na ɗora yatsana a kunnenta, na ɗaga, na duba. A ciki akwai 'yar takarda da rubutun Yaya: "Na kai an kankare maka ita da inji, na bi da toka da yashi kwana biyu, don kada ka ji kunya a gaban Turawa."

Don ƙauna ta yi, kamar yadda aka koya mana mu biyu a bakin rariya ɗaya. Ban taɓa gaya mata ba har ta bar duniya. A nan ne, ina tsaye da tukunya a hannu, na gane fuskar Mista Holis, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar wasiƙa.

Ita ce tukunyar da ke saman kabad, wadda kuke tsokanata ba na bari a dafa komai a ciki. Shekarun nan ta ɗan dusashe, kuma akwai wuri a kunnenta da ya fara duhu, inda nake kamawa in na sauko da ita. Ba na Inna ba ne, nawa ne, shi kaɗai ya rage. In na tafi ku raba sauran kaya yadda kuka ga dama. Wanda tukunyar ta faɗo wa a cikinku, kada ya wanke ta.